Sai An Buga Ƙyaure

Bana ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da masara ta fara goyo. Kwana uku, mako ɗaya, mako biyu, har muka daina ƙirge. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta kore shi wajen duwatsun Rano, ta bar mu da bokitan da muka jera a ƙarƙashin indararo. Ganyen dawa ya naɗe ya tsaya cirko-cirko. In ka taka ƙasar gona da hantsi sai ka ji zafinta ya ratso takalmi. Na ga fari iri-iri a wannan ƙauye namu na bayan Unguwar Gai, amma akwai wani wari da ƙasa take yi idan ta jiƙa ba ta ƙoshi ba sannan ta bushe, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Sau biyu na ji shi a rayuwata, bana ne na biyun.

Ba gonata ce ta dame ni ba. Ni tsohuwa ce, cikina ɗaya, kuma da sauran dawar bara a ɗakin ajiya. Rahila ce damuwata. 'Yata ce ta fari, don haka bakina bai taɓa kiran wannan suna a gabanta ba. Malama nake ce mata tun tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, kafin a rufe makarantar. Takarda ce ba ta da kunya, shi ya sa na iya rubutawa. Tana aure a Rano, 'ya'yanta uku. Babur ɗin da mijinta yake acaɓa da shi ya lalace, an lulluɓe shi da tsohon zane a zaure, gonarsu ta hanyar Rurum kuma tana cikin waɗanda suka fara ƙonewa. Da na je duba su na tarar da murhu a share tas da rana tsaka, tukwane a kife, yara a kwance a inuwa ba mai sha'awar wasa. Na tambaya, ta ce sun ci. To, labarin zuciya a tambayi fuska.

Ina komawa gida na ɗaure rabin buhun dawa na ba ɗan acaɓa ya kai mata. Rana ba ta faɗi ba sai ga shi ya dawo da buhun yadda na ɗaure shi. Ya ce ta ce a gaishe ni da kyau, a ba masu bukata, ai na san mu gidanmu zubawa muke yi, ba ma ɗiba.

Wannan magana ta mahaifinta ce, Allah ya ba shi hutawa, amma ni na yi ta nanata musu ita tun suna ƙanana, har ta zauna musu a ƙashi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na zauna a kan buhun nan ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, na kaina ya fi yawa.

Sana'ar Rahila yanzu haɗa waƙoƙin bishara ce. Ba ta da situdiyo irin na birni. Kwamfuta ce guda a kan tebur, da makirufo, da 'yar lasifika, da katifa jingine a bango don kada murya ta dawo. A cikin kwamfutar akwai abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ni dai aljaninta nake ce masa, tana dariya. Za ta ɗauko muryoyin mawaƙan coci, su fito a allon layi-layi kamar kunyoyin gona, kowace murya da kunyarta. Sai ta rubuta masa abin da take so, ya tsince hayaniya, ya miƙe muryar da ta karkace, ya sa fiyano da jita da ganga ba tare da wani makaɗi ya zo ya ci mata tuwo ba. Da wannan take rufa wa kanta asiri. Sai dai shekarar da ciki bai cika ba, ba mai neman a haɗa masa waƙa.

Da aiki ya tsaya sai ta ce bari ta yi mana tamu kyauta, waƙar rumbu, wadda matan zumuntar cocinmu suke yi duk shekara ranar godiyar kaka. Ta zo wata Lahadi ta ɗora makirufo a kan benci, muka yi mata da tulu da caki yadda muka gada. Baitocinta ba su da yawa, amshinta kuma layi biyu ne:

Ɗebi, 'yar'uwa, na Ubanki ne,
Mu idonmu na kan tsamiya.

Idan an zo amshin ƙarshe, dukanmu mukan juya wa jama'a baya, mu yi ta maimaitawa, mu yi ta maimaitawa, muryoyi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage mai ba da waƙa ita kaɗai. Ba ta tsayawa sai wata ta je ta buga ƙyauren coci. 'Yan matan yanzu sun ɗauka juya bayan salon rawa ne, har da karya kwankwaso suke yi. Ni ce mai ba da waƙar tun rasuwar Iya Talatu, wadda ta ƙaga ta.

Kwana biyu da dawo mini da buhu, Rahila ta kira ta ce in zo in ji. Na je da fushina a ƙunshe. Ta sa mini, gaskiya kuma ta yi daɗi. Muryata ta koma ta budurwa, har na so in tambayi wace ce wannan. Fiyano yana bin mu a hankali, ganga ba ta hau kanmu ba. Amma da aka zo amshin ƙarshe sai na ji an yi shi sau biyu cif, muryoyi cike har ƙarshe, aka rufe da kiɗa. Ta yi mini bayani tana murna, wai aljanin ya gano inda muryoyi suke raguwa ya nuna mata a matsayin matsala, ya ƙera wasu irin namu ya cike gurbin. Bugun ƙyauren kuwa cikin hayaniya ya lissafa shi, ya share. Ta ce mutanen waya ba su da haƙurin doguwar waƙa, tsofaffi ne kawai suke jan abu ba dalili.

Na ce mata sannu da aiki. Na hau babur na kama hanyar gida ta cikin gonaki masu warin nan, shekara arba'in da ɗoriya suna biye da ni.

A waccan shekara ina da shekara biyu a ɗakin miji, Rahila tana goye, ko zama ba ta fara ba. Kakar da ta gabata ba ta yi albarka ba, fara ta ci rabin geron gari, don haka tun bazara aka fara auna tuwo da ido. Zafin bazarar kuwa ba a magana. Rijiyar unguwa ta ja baya har muka riƙa ƙulla ɗankwali a igiyar guga, daga baya ma sai a zauna a bakinta a jira ta tsatsafo, a samu rabin guga mai laka. Ruwan farko ya sauka, aka fita shuka da murna, tsiro ya fito, rana ta cinye shi. Aka sake shuka, ta sake cinyewa. A karo na uku iri ya ƙare a gidaje da yawa, wasu ma sun riga sun soya irin gyaɗarsu sun ba yara.

Na ukun ya kama, aka shiga noman firi, wato noman farko. Gayya ba ta mutu ba, don ba mai ƙarfin da zai nome gonarsa shi kaɗai, sai dai gayya ce ba makaɗi ba tuwo. Mai gona zai kawo tulun kunun tsamiya wanda kana hango fuskarka a ciki, maza su sha su kama fartanya. Kunyar da a da ake gamawa da numfashi ɗaya sai an huta a tsakiyarta. Mu mata muna bayansu muna tsince ciyawa, idonmu yana kan abin da za a iya dafawa. Ana cikin maimai, noma na biyu, ruwa ya sake ɗaukewa, ƙasa ta fara wannan wari.

Yinin gida ya koma abu ɗaya. Da sassafe mu fita tafasa da yaɗiya, mu tafasa ganyen sau biyu mu zubar da ruwan ɗaci, a barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli-ƙuli ranar an yi biki. Dusar da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa sau biyu muna yin fate da ita. Da rana a dama garin ɗorawa a ruwa a ba yara, bakinsu ya yi rawaya su yi shiru na ɗan lokaci. Tuwo sai bayan kwana biyu, shi ma malmala ɗaya a raba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun gari. Ƙauyen da tun asuba taɓare suke amsa wa juna, sai ya zama in ka ji daka a wani gida har ka tsaya ka saurara. Fulanin da ke rugar bayanmu sun kora shanu kudu sun bar mata da tsofaffi. Dije, wadda take kawo mana nono, ta koma kawo tsala, daga baya ta riƙa zuwa da ƙwarya ba komai, gaisuwa kawai.

Kowa ya roƙi Allah ta hanyar da ya sani. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita filin idi sallar roƙon ruwa, har da yara da dabbobi. Mu ma fasto ya sa mana azumin kwana uku. Wani dattijo ya ce ai wannan azumi mun fi wata muna yinsa, sunan ne kawai ba a sa masa ba. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

A bayan coci akwai wani tsohon ɗaki mai ƙyauren langalanga inda ake ajiye hatsin godiya. Ba rumbu ba ne na gaske, amma rumbu muke ce masa. Dattawa suka sa aka sussuke abin da ke ciki aka zuba a buhuna, suka yi shela cewa mai bukata ya zo ranar Alhamis a kira sunansa a auna masa. Alhamis ta zo, dattawa suka zauna a ƙofa da kwano har la'asar, ko mutum ɗaya bai zo ba. Mutanenmu sun gwammace su mutu a ɗaki da a kira sunansu a gaban surukai.

Iya Talatu ce ta karɓi mabuɗin. Gajeriyar mace ce mai faɗa, mai murya kamar ta maza, ba wanda ya iya ce mata a'a har mijinta. Ta ce maza su tafi gona, wannan aikin mata ne. Ta tsara cewa duk Alhamis da rana tsaka kowace mace a garin za ta zo da ƙwarya rufe da faifai, mai bukata da marar bukata. Za mu tsaya a warwatse a filin, bayanmu ga ɗakin, fuskarmu ga tsamiyar da ke bakin hanya, kowa ta ja mayafi ta rufe gefen ido. Za a ɗauki waƙa da ƙarfi, don kada a ji takun wadda ta zame, kada kuma a ji zubar hatsi a ƙwarya a gane yawansa. Mai shiga tana iya ɗiba, tana iya zubawa. Amshi ba zai tsaya ba sai ta fito ta buga ƙyaure ta koma wurinta, sannan a ɗauki wani baiti wata ta shiga. Waɗanda ba su ɗebi komai ba sukan zo da yashi a ƙwarya, don wuyan kowa ya nuna kaya a hanyar gida. Har Dije Iya ta sa aka kira. Ba ta yin waƙarmu, amma takan tsaya ta juya baya tana tafi, kuma ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin faifanta.

Maigidana mutumin kirki ne, manomi na gaske, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Maraya ya tashi, ya ci tuwon gori a gidajen dangi, ya rantse ba za a sake yi masa ba. Da abin ya yi tsanani ya tafi ƙodago fadamun Tiga tare da wasu maza. Ya nuna mini ɗan abin da ya rage a gindin rumbunmu, ya ce in lallaɓa, kuma duk Alhamis in kai kwano ɗaya in zuba. Ya ce mu zubawa muke yi, ba ma ɗiba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma ni a lokacin ban ga tsiya ba, namiji na gani, har ina alfahari.

Alhamis uku ina zubawa ina komawa ga tafasata. A mako na huɗu nonona ya ɗauke. Rahila ta yi kwana biyu tana kuka, ta kama ta saki, ta kama ta saki, a rana ta uku sai ta daina kukan. Duk uwa ta san wannan shirun. Kanta ya yi mini nauyi a baya, maɗigarta ta faɗa, idonta a buɗe ba ya bin komai. Na share gindin rumbu da tafin hannu, abin da ya fito kwano ɗaya ne ba ƙari. Ranar kuwa Alhamis ce. Har yau ina mamakin kaina: maimakon in dama wa kaina kunu, sai na zuba shi a ƙwarya na rufe da faifai na nufi coci, domin haka aka ce in yi.

Rana tana tsakiyar ka, ba iska ko kaɗan. A baiti na uku na zame na shiga. Ɗakin yana da duhu da ɗumi da ƙanshin dawa, ƙanshin da ya sa yawu ya cika mini baki har na ji kunya. Na juye kwanona a buhu. Na juya zan fita sai na ji numfashin yarinyar a wuyana, sama-sama. Na koma na kwashe abin da na zuba. Na tsaya. Na ji muryar ubanta, na sake juyewa. Na cika ƙwaryar fal, na ɗaga na ji nauyinta, na ce wannan ai sata ce, wasu sun fi ni bukata, na mayar. Ban san sau nawa na yi haka ba. Daga baya na durƙusa a gaban buhun ina kuka ba sauti, hannuna biyu a nutse cikin dawa.

A waje amshi yana ta tafiya. Mata ne da ba wadda ta karya kumallo da abin kirki, a tsaye cikin rana. Ina ji muryoyi suka fara raguwa. Masu siririyar murya suka fara yin shiru, sannan tulu ya tsaya, sannan caki. Tafin Dije ya daɗe, shi ma ya mutu. Aka bar Iya Talatu ita kaɗai. Muryarta ta dushe, ta koma kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, tana tsayawa ta haɗiyi yawun da babu ta sake ɗauka. Ɗebi, 'yar'uwa, na Ubanki ne. Ba ta yi sauri don ta kore ni ba, ba ta kuma aiko a duba ko lafiya ba. Na gane cewa matar nan za ta faɗi a wurin kafin ta waiwayo, kuma ba za ta yi shiru ba muddin ina ciki. Tausayinta ne ya tashe ni, ba hankalina ba. Na cika ƙwarya, na rufe, na fito na buga ƙyaure. Ko mutum ɗaya bai motsa kai ba.

Da yammar nan aka ji daka a gidanmu. Na sha kunun kanwa har cikina ya yi ciwo, na ɗiga wa yarinya ruwansa da yatsa. A kwana na uku nono ya dawo, da ta yi kuka na zauna ina dariya kamar mahaukaciya. Na sake shiga rumbu Alhamis biyu bayan wannan, ban daɗe ba. Sannan ruwa ya dawo, irin na marka mai kwana yana zuba, kwaɗi suka cika gari da surutu, abin da ya tsira na gero ya fitar da kai. Ranar da aka fara gasa tumu a unguwarmu, manya da yara bakinmu baƙi ƙirin muke yawo, ba mai gogewa.

Maigida ya dawo a rame da 'yar masara a buhu. Ya ga yarinya tana wasa da ƙafa, ya ga sauran tsaba a tukunya, na ce 'yan'uwana ne suka aiko daga Rurum. Ya dube ni ya daɗe, bai ƙara tambaya ba. A godiyar shekarar ya kai dami fiye da na kowa, alhali ba mu fi kowa samu ba. Ko ya sani, ko bai sani ba, ya tafi da abinsa. Maganarsa dai bai daina ba, ni kuma na riƙa taya shi, don in na faɗe ta da ƙarfi sai in ji kamar gaskiya ce. Iya Talatu ta yi wata guda ba ta da murya. Ranar godiya da ta ba da waƙar, sai ta ja amshin ƙarshe ta ƙi saki, har mata suka zube ɗaya bayan ɗaya aka bar ta ita kaɗai, kuma haka waƙar ta zauna. Ban taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa kallona a kai ba.

Kwana uku na yi ina juya wannan a raina bayan na dawo daga Rano. Ba abu ne mai sauƙi uwa ta zauna gaban 'yar fari ta kwance wa kanta zane ba, balle ta taɓa maganar uban da yake kabari. Amma na tuna tukwanen nan a kife. A rana ta huɗu na koma, na sa ta kori yara waje, na ce ta sa mini waƙar. Da aka zo amshi biyun nan na ce ta tsayar.

"Malama, a cikin amshi biyu ko faifai mutum ba zai buɗe ba."

Ta ce ai yanzu ba rumbu ake shiga ba, waƙa ce kawai. Sai na ba ta labarin tun daga rijiya har bugun ƙyaure, idona yana kan katifar da ke jikin bango. Ban rage komai ba. Na gaya mata wannan wurin da aljaninta ya ce matsala ce, inda muryoyi suke zubewa, ni ce a ciki, ita ce a bayana.

Na ɗauka fushi ta yi. Can ta ce, "Baba ya sani?"

Na ce ban sani ba.

"Kenan da dawar coci na rayu."

"Da ita kika rayu. Ni na ɗebo, kuma da za a mayar da ni ranar, ba zan daɗe haka ba."

 Ta juya ga kwamfutarta tana share hanci da bakin mayafi. Ashe abin nan ba ya zubar da abin da ya cire, ɓoyewa yake yi. Ta jawo kunyoyinmu na asali ta mayar, ta cire muryoyin da ya ƙera, ta nemo bugun ƙyauren a cikin sharar da ya tara ta dasa shi a wurinsa. Ta rubuta masa kada ya sake taɓa amshin ƙarshe. Fiyanon da ya sa a baitoci na ce ta bar shi, yana da daɗi, ni ba gaba nake da shi ba. Muryar budurwar ce dai na yi asara, tawa ta dawo da tsufanta da kakinta. Kafin in tashi na tambaye ta ko zai iya sa amshin ya yi ta zagayawa ba iyaka, sai an kashe da hannu. Ta ce wannan ai shi ne mafi sauƙi a aikinsa. Na ce to ta yi mini irin wannan daban, ta kawo mini gida ranar Alhamis in ji. Ta dube ni, na dubi ƙofa.

Ban tabbata za ta zo ba. Alhamis ta yi, har yanzu ba ruwa, rana tana dukan kwanon ɗaki yana ƙara. Wajen tsakar rana sai ga ta a ƙofar gida, da 'yar lasifikarta a hannu, da kwanon sha babba a ka, an rufe shi da faifai. Muka gaisa kamar baƙi. Na tura ƙyauren ɗakin ajiya na bar shi a buɗe. Ta ɗora lasifikar a kan turmin da ke kife, ta danna. Tsamiyar bakin hanya an daɗe da sare ta, don haka darbejiyar tsakar gidana na fuskanta, na ja mayafi na rufe gefen ido.

Baitoci suka wuce da fiyanonsu. Amshi ya zo, muryoyin zumunta suka zube ɗaya bayan ɗaya, aka bar tawa tana zagayawa. Na'ura ba ta gajiya, ba ta jin ƙishirwa, za ta iya kaiwa gobe. Duk da haka ban iya barinta ita kaɗai ba, sai na ji bakina ya kama. Ban ji taku a bayana ba, ban ji zubar hatsi ba, ban san ko tana tsaye a inda na bar ta ba. Gumi ya bi mini baya, maƙogwarona ya fara kartawa. Na tuna Iya Talatu ba ta da wadda za ta karɓe ta. Na haɗiyi yawu na sake ɗauka. An daɗe ƙwarai, ban ƙirga ba, ban kuma waiwaya ba.

Can sai aka buga ƙyaure.

Ta zo ta wuce ta gefena da kwanon a ka, faifai a rufe, wuyanta ya nutse. Ta kashe lasifikar ta sa a jaka, ta ce, "Mama, sai wata Alhamis."

Na ce ta gaida yara.